Neman Mahaifina a Takardun Amurka

Har na haura shekara hamsin ina ɗaukar kaina maraya tun na ƙuruciya. Abin da aka faɗa mini, wanda ni ma na faɗa muku kuna yara, shi ne kakanku Garba Audu malamin gona ne a Malumfashi, gwamnati ta tura shi ƙaro ilimi Amurka ina da shekara uku, bayan shekara biyu ya yi hatsarin mota aka binne shi a can. Inna ta yi takaba, daga baya ta auri Alhaji Mamman mai sayar da hatsi, ta haifa masa Nasiru da ƙannensa mata biyu. Alhaji Mamman shi ya riƙe ni, shi ya sa ni makaranta, bai taɓa bambanta kwanona da na Nasiru ba har ya koma ga Allah. Wannan labarin akwai gaskiya a cikinsa, akwai kuma wadda ba gaskiya ba. Ina so ku ji yadda na rarrabe su, da abin da rarrabewar ta jawo mini, don kada ku ji rabinsa a bakin wani bayan ba na nan.

A shekarar da 'yar'uwarku Asma'u ta gama sakandare muna zaune a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad, a gidan nan na hawa na biyu da kuka sani, wanda ruwa ba ya hawa sai an kunna inji. Karatu ya kawo ni Riyad, aiki ya zaunar da ni. Ina wata masana'antar bututun roba a Birnin Masana'antu na Biyu, aikina tafinta tsakanin shugabannin aiki da 'yan'uwanmu ma'aikata mutanen Maraɗi da Damagaram, da bin maganar iƙamarsu, wato takardar izinin zama, idan ta kusa ƙarewa. Wata Juma'a bayan la'asar aka gayyace ni walimar suna a unguwar Suwaidi, gidan wani ɗalibi ɗan Katsina. Mahaifin ɗalibin ya zo ziyara daga gida, dattijo fari tas, tsohon ma'aikacin gona da ya yi ritaya, ana ce masa Alhaji Bawa. Aka zaunar da ni kusa da shi, muna cin shinkafa a faranti ɗaya. Da ya ji daga Malumfashi nake, sai ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"Malumfashi? To ka san gidan su Garba Audu? Ai mun yi zama da shi a Amurka. Shi ya ɗauke mu a motarsa zuwa sallar Idi, mu uku ɗalibai, tafiyar awa biyu."

Na ce masa, "Mahaifina ne, Alhaji. Allah ya yi masa rasuwa tun ina ƙarami."

Ya dube ni, ya ce, "Tun kana ƙarami? Wani dogo baƙi, wanda ɗan yatsansa na hagu ya guntule?"

Inna ta taɓa gaya mini injin casa ne ya cinye masa wannan yatsan. Na tambayi dattijon yaushe ya yi karatunsa a can. Da ya faɗa, na lissafa a zuciyata, na ga a lokacin ina aji uku a sakandare. Ya ga yadda fuskata ta canza, sai ya sunkuyar da kai ya ce wataƙila suna ne ya zo ɗaya, tsufa kuma ya fara rikita masa shekaru. Amma kafin ya janye maganar ya riga ya ambaci sunan jihar, ya kuma ce a motar akwai wata Baturiya da 'yar ƙaramar yarinya a kan cinyarta.

Na yi kwana goma ban gaya wa kowa ba. Mahaifiyarku ce ta tsare ni wata safiya ina ɗaura takalmi, ta ce, "Malam, shayi uku ke nan kana bari ya huce. Me aka ce maka a Suwaidi?" Na gaya mata. Ta ce in bar maganar, wanda ya rasu ya rasu, ko da wuri ko a makare. Na ce na ji. Amma da na dawo daga aiki na kira Asma'u, domin Turancinta ya fi nawa, kuma ta fi ni sanin hanyar kwamfuta.

Ita ta fahimtar da ni yadda mutanen can suke ajiye tarihinsu. Kowace gunduma tana da ofishin da ake rubuta aure da saki da mutuwa. Kowane ƙaramin gari yana da jaridarsa, kuma idan mutum ya rasu iyalansa sukan buga sanarwa, a faɗi inda aka haife shi, aikin da ya yi, da sunayen waɗanda ya bari. Tsofaffin jaridun suna ɗakin karatu na garin, an ɗauke su a fim, sai an zauna gaban na'ura ana juyawa shafi bayan shafi. Muka buɗe taswirar jihar, muka zagaye gundumomin da ke tafiyar awa biyu daga jami'ar da Alhaji Bawa ya yi karatu, muka shiga rubuta wasiƙu. Ni in faɗa da Hausa, ita ta juya. Wasu suka amsa da cewa babu, wasu ba su amsa ba sam. Mun gwada Audu, mun gwada Abdu, mun gwada Awdu. Wata uku muna wannan, kullum bayan la'asar, a kan teburin guga da muka mayar teburin aiki. Ranar da na ce mu haƙura, Asma'u ta ce da Hausarta mai gaurayen Larabci, "La, Baba, saura biyu bas. Mu gama su, halas."

Ɗaya daga cikin biyun nan ce ta amsa. Wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta da take aikin sa kai a ɗakin karatun wani ƙaramin gari na manoman masara. Ta ce ba ta ma buƙaci ta duba ba, ta san mutumin. Gary suke kiransa. Shi ne yake gwada wa manoman yankin ƙasar gonakinsu, har gonar mijinta. Ta haɗo da hoton shafin jaridar.

Asma'u ta karanta mini, ina tsaye a bayanta riƙe da bayan kujera. Ga hotonsa, da furfura, da goshi irin nawa, irin na Abdullahi ɗana. Ciwon zuciya ne ya kashe shi, ba mota ba, kuma ya rasu ne ina nan Riyad, ina da aure, an haifi Asma'u tana rarrafe. Sanarwar ta ce ya bar matarsa da 'ya'ya mata biyu, ta jera sunayensu da na mazajensu da na jikoki. A ƙarshen jerin aka ce, da ɗa ɗaya a Najeriya. Ba a sa suna ba. Na ce ta sake karanta wannan layin. Ta karanta sau uku, bayan na ukun ta tashi ta bar mini kujerar.

Daga nan takardu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, domin dattijuwar nan ta ɗauki abin kamar nata. Ta aiko da shafi daga wani littafin tarihin gundumar, irin wanda kowane gida yake rubuta labarinsa a buga. Mahaifina da kansa ya rubuta nasa. Ya faɗi garin da aka haife shi, ya faɗi yadda ya koyi noman gero a hannun ubansa, ya faɗi shekarar da ya sayi gidansa da irin itatuwan da ya dasa. Bai ambaci Inna ba, bai ambace ni ba. Na karanta shafin nan har na haddace shi, ina neman inda zan ga kaina, ban gani ba. Sai kuma ta tuƙa motarta ta je maƙabartar garin ta ɗauko hoton kabarin. Ta rubuto cewa ta daɗe tana mamakin abin da ya sa wannan kabarin shi kaɗai ya karkace daga layin sauran, sai da ta tambayi mai kula da wurin ya ce mata wasu mutane ne suka zo daga birni da limaminsu suka nuna yadda za a haƙa. Na san alƙibla suka duba. Ranar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Alhaji Mamman.

Amma akwai abin da ya fi kukan nauyi, kuma a nan ne laifina ya shigo. Na yi shekaru ina karatun fiƙihu, ba sai an tuna mini ba. Idan mahaifina yana raye lokacin da aka ɗaura wa Inna aure da Alhaji Mamman, to a kan igiyar wa aka ɗaura? Na san malamai sun yi bayani cewa matar da aka kawo wa labarin mutuwar mijinta ta yi aure bisa wannan, babu zunubi a kanta, 'ya'yanta kuma na ubansu ne. Na san wannan sarai. Duk da haka zuciyata ta ƙi kwanciya. Maimakon in ɗaga waya in tambayi Inna, wadda take raye da hankalinta a ɗakinta a Malumfashi, sai kunya ta hana ni. Ɗan fari ne ni, ko sunana ba ta kira, ta yaya zan buɗe baki in tambaye ta maganar aurenta? Sai na ɗauki tambayar na kai wani zama da muke yi da ɗalibai 'yan gida bayan sallar Juma'a. Na ce wani mutum ne ya tambaye ni, mahaifinsa ya tafi ƙasar waje aka ce ya mutu, ashe yana raye. Na ɗauka na ɓoye. A cikin zaman akwai wanda ya san ni ya san gidanmu, kuma ya ji abin da Alhaji Bawa ya faɗa a walima. Ba na jin da mugun nufi ya yi, labari ne ya ba wani, wani ya ba wani. Kafin wata ya zagayo maganar ta isa kasuwar hatsi ta Malumfashi, inda Nasiru yake zaune a rumfar mahaifinsa.

Ina wurin aiki da hantsi, tsakanin tarin bututu, wayata ta yi ƙara. Bai yi sallama ba.

"Yaya, me muka yi maka?"

Na ce, "Nasiru, lafiya?"

"Yau wani ya tsaya a gaban rumfata yana tambayata ko gaskiya ne auren uwata da ubana bai ɗauru ba. Ya ce daga bakinka aka ji, a Saudiyya, a gaban malamai. Ubana ya ci da kai, ya tufatar da kai, ya sayar da buhunan gero ya sa ka a jirgi. Da wannan za ka saka masa, yana cikin ƙasa?"

Na fara yi masa bayanin abin da littattafai suka ce. Ya katse ni.

"Ka riƙe littattafanka. Ni a kasuwa nake zaune, ba a littafi ba. 'Ya'yana mata huɗu ne, Yaya. Ka tuna da su kafin ka buɗe baki?"

Ya kashe wayar. Ban tuna da su ba, gaskiyarsa ce. Kaina kawai na tuna.

Bayan wannan da sati shida takarda ta ƙarshe ta iso daga ofishin kotun gundumar. Asma'u ce ta nema tun da farko, na ma manta. Takardar rabuwar aure ce. Mahaifina ya shigar da ita kafin ya auri Baturiyar, an rubuta sunan Inna, Rakiya, an rubuta cewa akwai yaro ɗaya a hannunta, an kuma rubuta cewa ya aika mata da saki a rubuce bisa addininsu. Na duba shekarar. Ta zo daidai da shekarar da aka ce ya mutu. Wato da na yi haƙurin 'yan makonni, ko da na tambayi wadda ya kamata in tambaya, da babu abin da zai kai kasuwa.

Mahaifiyarku ce ta ce in daina zagaye-zagaye, in nema wa Inna bizar ziyara. Na roƙi kafilina, Balaraben da izinin zamana yake hannunsa, ya sa hannu, aka yi. Ta zo da sanyin hunturu, da ƙullin daddawa da kuka a jakarta. Na kai ta Umra muka dawo, kwana tara tana gidan ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Rana ta goma bayan la'asar tana zaune a kan darduma a falo tana jan carbi, ta ce wa mahaifiyarku ta kwashe yara su shiga ciki. Ba ta dube ni ba, bango take kallo.

"Kai, zo ka zauna. An ce ka yi ta aika takardu ƙasar Turawa kana neman mutumin nan."

Na ce, "Na yi, Inna."

"Ka same shi?"

"Na samu kabarinsa."

Ta ja carbi kamar uku, sannan ta ce, "Da ka tambaye ni, da na rage maka wahala. Takarda ya aiko, layi uku, ta hannun Baffanka Sule. Saki ɗaya. Babu dalili, babu gaisuwa, sai dai ya ce a kula da yaro. Baffanka ya karanta mini a zaure, ni da shi da liman. Ya ce Rakiya, idan aka ce ɗan'uwana ya sake ki daga bayan teku ya zauna can, gidanmu ba zai ƙara ɗaga kai ba, yaron nan kuma zai tashi ana nuna shi. Ya ce mu ce ya mutu. Liman ya ce shi dai ba zai faɗi ƙarya ba, amma zai yi shiru. Ni na yarda. Ba wanda ya tilasta mini."

Na ce, "Amma kin yi takaba, Inna. Ina tunawa."

"Na yi. Wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba turare, ina karɓar gaisuwar mutuwar wanda na san yana can yana cin abinci. Iddata ta cika a ciki har da saura. Alhaji ya san komai kafin a ɗaura, ban ɓoye masa ba. Aurena da shi babu ƙura a kansa ko ɗaya."

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini ba da na girma. A nan ne ta juyo ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba.

"Da na ce maka yana raye, da kullum kana bakin titi kana duban mota. Na ga yaran da aka yi wa haka. Na fi so ka yi kuka sau ɗaya ka tashi. Da ka girma kuma, na ga kana da uba, me zan tono?"

Na kawo mata takardun. Ba ta iya karatun boko ba, ta ture su gefe, hoton kabarin kawai ta ɗauka ta kawo kusa da idonta. Ta tambaya ko an yi masa salla. Na ce an yi, liman ya zo daga birni. Ta ce alhamdulillahi, Allah ya gafarta masa, ta miƙo mini hoton. Ba ta ƙara tambayar komai a kansa ba har ta koma, ko matarsa, ko 'ya'yansa.

Dalilin da ya sa bai dawo ba, ban same shi a kowace takarda ba. Na rubuta wa babbar 'yarsa, gwaggonku ta can, ta amsa da kirki. Ta ce ita ta sa a rubuta layin nan na ɗa a Najeriya, domin a asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya gaya mata yana da ɗa namiji. Ta tambaye shi sunan, ya juya fuska bango. Iyakar abin da ta sani ke nan, kuma iyakar abin da zan iya ba ku ke nan. Kada ku ƙara masa, kada ku rage.

Da Inna ta koma gida ta tara Nasiru da ƙannensa da dattawan unguwa biyu, ta faɗi maganar da bakinta, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya tana bayyana abin da ta rufe tun tana matashiya, saboda ɗanta ya kasa riƙe harshensa. Maganar kasuwa ta mutu daga ranar. Amma Nasiru bai huce ba. Na kira bai ɗauka ba, na aika saƙo da mahajjata ya karɓa bai amsa ba. Bayan shekara biyu Inna ta rasu da safiyar wata Talata. Ba shi ya gaya mini ba. Wani maƙwabcinmu ne ya kira ni da azahar yana yi mini ta'aziyya, yana zaton na sani, alhali an riga an dawo daga maƙabarta. Na zauna a kan wani bututu a harabar masana'anta, ma'aikatan nan 'yan Maraɗi suka kewaye ni suka yi mata addu'a, su ne 'yan zaman makokina a ranar. Ban riƙe Nasiru da wannan ba, kuma ban yarda ku riƙe shi ba.

Na ci gaba da aika masa gaisuwa kowace Salla, shekara biyar, ba amsa. A shekara ta shida, muna shirin tattara kayanmu mu baro Riyad gaba ɗaya, saƙon murya ya shigo wayata daga lambarsa. Na kasa buɗewa, na miƙa wa mahaifiyarku ta danna. Muryarsa ta tsufa, har na ɗauka Alhaji Mamman ne yake magana.

"Yaya, salamu alaikum. An sa ranar auren 'yata Fati, bayan Babbar Salla da sati biyu. Dangin mijin sun tambayi wanda zai ba da ita. Na ce musu ina da wa, yana Saudiyya. Ka zo da wuri."

Na je da wuri. Ni na ba da ita.